Motar haibirid tana rage shan mai, amma su wa ke biyan kuɗin ƙera ta?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, tambayar farko da mai neman mota ke yi wa dila ta sauya. A da ana fara tambayar lafiyar inji da sanyin esi, yanzu kuwa sai ka ji an ce: lita nawa take sha? Wannan ne ya sa hankalin matasa da dama ya koma kan motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da injin lantarki a jiki ɗaya, irin su Toyota Prius da Camry da Corolla.

A tallace-tallace ana nuna irin waɗannan motoci cikin korayen itatuwa, ana cewa abokan muhalli ne. A kan titi akwai gaskiya a maganar, domin suna ƙona mai kaɗan. Sai dai rayuwar mota ba ranar da aka kunna ta take farawa ba. Kafin ta iso wurin dila an fasa duwatsu, an tono ƙasa, an ƙona kwal, an kuma gurɓata ruwa a wasu garuruwan da mai motar ba zai taɓa zuwa ba. Yau za mu bi sawun wannan ɓarna mu ga girmanta, mu kuma ga ko man da motar ke ragewa yana biyan ta.

Me ke cikin motar haibirid?

Toyota ce ta fara ƙera haibirid da yawa domin kasuwa, lokacin da ta fitar da Prius a Japan a watan Disambar 1997. Dabarar ita ce: idan direba ya taka birki, injin lantarkin yana juyewa ya zama janareta, ya mayar da ƙarfin da zai salwanta zuwa cikin batir. Idan aka tashi daga tsaye ko ana rarrafe a cunkoso, sai batirin ya tura motar, injin fetur ya huta. Shi ya sa haibirid ta fi nuna gwanintarta a cikin gari fiye da kan babbar hanya.

To amma wannan na nufin mota ɗaya tana ɗauke da kayan motoci biyu. Tana da inji da tanki da salansa kamar kowace mota, sannan ga injin lantarki, ga babban batir, ga na'urar da ke sarrafa wutar, ga ƙarin wayoyi masu kauri. Alƙaluman ƙungiyar masu harkar jan ƙarfe ta duniya sun nuna cewa motar fetur na cin kimanin kilo 23 na jan ƙarfe, haibirid kilo 40, haibirid ɗin da ake jona wa caji kilo 60, motar lantarki zalla kuma kilo 83.

Domin ka gane girman batirin, duba wayar da ke hannunka. Batir mai 5,000mAh yana riƙe wat-awa 19 ko kusa da haka. Batirin tsohuwar Prius yana riƙe kimanin kilowat-awa 1.3, wato kamar a haɗa batiran wayoyi 70. Motar lantarki mai batirin kilowat-awa 60 kuwa daidai take da wayoyi sama da 3,000. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Maganaɗisun da ke wayarka ma shi ne a motar

Abin da ke sa wayarka ta yi ƙara ko ta girgiza idan an kira ka, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne da aka yi da ma'adinin niyodimiyam. Irinsa ne a cikin injin lantarkin haibirid, sai dai na motar ya fi girma nesa ba kusa ba. A 2009 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito ƙiyasin cewa injin Prius ɗaya na cin kusan kilo guda na niyodimiyam. Akan kuma ƙara masa ɗan disfurosiyam domin kada zafi ya rage masa ƙarfi.

Waɗannan suna cikin dangin ma'adanai 17 da Turawa suka laƙaba wa suna "masu wuyar samu". A gaskiya akwai su da yawa a ƙasa, raba su da juna ne aiki. Sai an niƙa dutse, an dafa shi da asid, an tace sau da dama kafin a samu ɗan abin da ake nema, saura kuma ya zama shara. China ce ke haƙo kusan kashi 60 cikin 100 na waɗannan ma'adanai a duniya, kuma ita ke tace kusan kashi 90.

Mahaƙa mafi girma tana Bayan Obo, a yankin Mongoliya ta Ciki da ke arewacin China, ana kuma tace abin da aka haƙo a birnin Baotou. A gefen birnin akwai wani tafki da mutum ya yi da hannunsa, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10, wanda aka shafe shekaru gommai ana tuttula masa baƙin taɓon masana'antu. A cikin taɓon har da toriyam, ma'adini mai fitar da tururin nukiliya. Manoman ƙauyukan da ke kewaye sun daɗe suna kukan lalacewar rijiyoyi da mutuwar amfanin gona da dabbobi, har aka tashi wasu ƙauyukan.

Da China ta tsaurara dokokin muhalli a gida, wani ɓangare na aikin ya tsallaka iyaka zuwa jihar Kachin ta ƙasar Myanmar. A can ana huda duwatsu a ɗura musu ruwan sinadari, ya narko da ma'adinin ya gangaro cikin tafkuna. A 2022 ƙungiyar Global Witness ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ta ƙirga irin waɗannan tafkuna sama da 2,700 a wurare kusan 300. Daga nan ne kaso mai yawa na disfurosiyam ɗin duniya ke fitowa.

Batir: nikel, litiyam da kobal

Batiran haibirid iri biyu ne. Tsofaffin motocin Toyota da Honda, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwar motocin hannu, suna amfani da batirin nikel. Sababbi da yawa sun koma batirin litiyam, ɗan'uwan na wayarka.

Fiye da rabin nikel ɗin duniya yanzu daga Indunusiya yake fitowa. A watan Janairun 2020 ƙasar ta hana fitar da ɗanyen nikel, ta ce dole a narka shi a gida. Nan da nan manyan masana'antu suka tashi a Morowali da ke tsibirin Sulawesi da Weda Bay da ke tsibirin Halmahera. Ana sare daji a kwashe jar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ruwan sama ya wanke ta zuwa teku inda masunta ke neman abinci. Wutar da ake narka nikel ɗin da ita kuwa, yawancinta daga tashoshin kwal ne da aka gina musamman domin masana'antun. A watan Disambar 2023 wata tukunyar narka ƙarfe ta fashe a Morowali, ma'aikata 21 suka rasu. Adalci dai shi ne a faɗa cewa kusan kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya yana tafiya ne wajen yin ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokula da tukwane, amma buƙatar batir ce ke ƙaruwa da sauri.

Litiyam kuma ta hanya biyu ake samunsa. A Ostareliya, wadda ta fi kowa haƙowa, dutse ake fasawa a tura China a tace. A hamadar Atacama ta ƙasar Chile, ɗaya daga cikin wurare mafiya bushewa a duniya, ruwan gishiri ake zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a baza a manyan tafkuna, rana ta shanye shi cikin shekara guda ko fiye. 'Yan asalin yankin sun daɗe suna ƙorafin cewa hakan na taɓa ɗan ruwan da suke noma da kiwo da shi.

Wannan labari ya iso gida. Akwai litiyam a jihohin Nasarawa da Kogi da Kwara da Kaduna, kuma a watan Mayun 2024 an buɗe masana'antar sarrafa shi ta wani kamfanin China a Nasarawa. A watan Disambar shekarar, binciken kamfanin labarai na AP ya iske ƙananan yara suna tsince dutsen litiyam a haramtattun ramuka a ƙauyen Pasali na jihar. Duk wanda ya tuna gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ya san inda haƙar ma'adini ba tsari ke kai al'umma.

Sai kobal, wanda ke cikin batiran litiyam da yawa, har da na wayoyi. Kusan kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, musamman kewayen birnin Kolwezi. Rahoton Amnesty International na 2016 ya kawo ƙiyasin UNICEF cewa yara kusan 40,000 ne ke aiki a mahaƙan kudancin ƙasar a 2014.

Gangar jikin ma ba kyauta ba ce

Ana yawan mantawa cewa mafi nauyin abin da ke jikin kowace mota ƙarfe ne. Samar da tan ɗaya na ƙarfe yana fitar da kusan tan 1.9 na iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Domin rage nauyi, kamfanoni kan yi murfin inji da wasu sassa da alminiyam. Shi kuma sabon alminiyam macin wuta ne: tan ɗaya kan fitar da wajen tan 15 na iskar kabon a matsakaicin lissafin duniya. Jar ƙasar da ake yin sa da ita, ƙasar Gini ce kan gaba wajen fitar da ita, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta yadda manoman yankin Boke suka rasa gonaki da rafuka saboda haƙar.

Wannan kaso na ɓarnar bai bambanta haibirid da motar fetur ba. Duk sabuwar mota, kowace iri ce, tana fitowa daga masana'anta da bashin tan da dama na hayaƙi a wuyanta.

Wai Hummer ta fi Prius?

Idan kana yawo a Facebook ko TikTok, wataƙila ka ci karo da masu cewa ƙera Prius ya fi tuƙa ƙatuwar Hummer ɓata muhalli. Maganar ta samo asali ne daga rahoton wani kamfanin nazarin kasuwa na Amurka, CNW Marketing Research, wanda ya yaɗu sosai a 2007. A watan Mayun shekarar masanin kimiyya Peter Gleick na cibiyar Pacific Institute ya bi lissafin ya tona asirinsa. Rahoton ya ɗauka cewa Prius za ta mutu bayan mil 109,000, Hummer H1 kuma za ta kai mil 379,000. Idan ka raba kuɗin ƙera mota ɗaya a kan gajeriyar tafiya, na ɗayar kuma a kan tafiyar da ta ninka ta fiye da sau uku, ai sakamakon da kake so za ka samu.

A daidai lokacin an yi ta yaɗa hotunan ƙonannen yankin Sudbury na Kanada, inda ake narka nikel, ana ɗora wa Prius laifi. Alhali ɓarnar Sudbury ta girmi Prius da shekaru masu yawa. Dogon bututun hayaƙin garin mai tsawon mita 381 tun 1972 ya fara aiki, shekara 25 kafin a sayar da Prius ta farko.

To ya lissafin yake?

Mu fara da batir. A 2019 cibiyar binciken muhalli ta IVL da ke Suwidin ta ƙiyasta cewa ƙera kowane kilowat-awa ɗaya na batirin litiyam yana fitar da kilo 61 zuwa 106 na iskar kabon. Da wannan ma'auni, ɗan batirin haibirid mai kusan kilowat-awa ɗaya bashinsa wajen kilo 100 ne. Batirin motar lantarki mai kilowat-awa 60 kuwa zai kai tan 3.7 zuwa 6.4. Wannan ne bambancin da muka ce a riƙe. Toyota ma da shi take kare kanta: a 2023 ta shaida wa dilolinta a Amurka cewa ma'adanan da za a yi batirin motar lantarki ɗaya mai dogon zango za su isa a yi haibirid 90.

Yanzu mu dawo kan titi. Duk litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla ta fetur ta 2023 tana shan kusan lita 6.7 a kilomita 100, Corolla haibirid kuma kusan lita 4.7. Ragin lita biyu ke nan, wato kilo 4.6 na hayaƙi a duk kilomita 100. Mu yi wa haibirid tsanani mu ce ƙarin kayanta, da batir da maganaɗisu da jan ƙarfe, sun jawo ƙarin tan guda cif a masana'anta. Za ta biya wannan bashi bayan tafiyar kilomita 22,000 ko ƙasa da haka, abin da direban haya ke yi cikin 'yan watanni. Idan ta kai kilomita 200,000, ta rage lita 4,000 na mai da sama da tan 9 na hayaƙi.

Ke nan ta fuskar ɗumamar yanayi haibirid ta fi motar fetur. Sai dai ratar ba ta kai yadda talla ke nunawa ba. Nazarin cibiyar ICCT na 2021, wanda ya haɗa tun daga haƙar ma'adini har zuwa mutuwar mota, ya gano cewa haibirid na rage hayaƙi da kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai. Motar lantarki zalla, duk da nauyin bashin batirinta, tana rage kashi 66 zuwa 69 a Turai, kashi 37 zuwa 45 a China, inda ake samar da wuta da kwal sosai.

Haibirid ɗin da ake jona wa caji kuma tana da nata tarkon. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da bayanan da aka tattara daga motocin da ke kan titi, aka ga irin waɗannan motoci suna fitar da hayaƙi ninki uku da rabi na abin da aka rubuta a gwaji, galibi saboda masu su ba sa caja su. Wanda ya saye ta a inda babu tsayayyiyar wuta, zai ƙare da jan ƙaton batir da fetur.

Akwai kuma abin da wannan lissafi ba ya kamawa. Iskar kabon ana iya cewa an ci bashi an biya, domin duk sama ɗaya take zuwa. Amma litar man da aka rage a Kano ko Tokyo ba za ta tsarkake rijiyar manomin Baotou ba, ba za ta mayar da dajin Halmahera ba, ba kuma za ta mayar da yaron Pasali aji ba. Mai cin ribar daban, mai ɗaukar asarar daban.

Idan motar ta iso hannunmu

Yawancin haibirid ɗin da ke titunanmu 'yan Kwatano ne ko Baljiyam, wato an gama yayinsu a wata ƙasa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo.

Ta wani ɓangaren wannan alheri ne ga muhalli, domin an riga an ƙera motar, kuma duk shekarar da ta ƙara tana aiki an jinkirta ƙera wata. Matsalar tana ƙarshen rayuwar batir. Garantin Toyota a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, daga motocin 2020 aka ɗaga shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Motoci da yawa suna isowa nan ne bayan wa'adin ya wuce, don haka a hannunmu batirin zai mutu.

Batirin tsohuwar Prius yana ɗauke da wuta sama da bolt 200, wadda ta isa ta kashe mutum, shi ya sa wayoyinsa ke da launin ruwan lemo domin gargaɗi. Ruwan da ke cikin batirin nikel yana ƙona fata, na litiyam kuma yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi. Idan irin wannan ya faɗa hannun 'yan jari-bola aka fasa shi da guduma, ɓarnar da aka fara a mahaƙa ta ƙare a unguwa.

A wasu wurare an fara ɗaukar mataki. Dokar batir ta Tarayyar Turai ta 2023 ta wajabta cewa zuwa ƙarshen 2027 a riƙa ƙwato kashi 90 na kobal da nikel da jan ƙarfe daga matattun batira, da kashi 50 na litiyam. A 2022 Toyota ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Redwood Materials na Amurka domin sake sarrafa batiran haibirid ɗinta. A 2015 an haɗa tsofaffin batiran Camry haibirid 208 suka zama rumbun adana wutar sola a gandun dajin Yellowstone. A 2016 kuma Honda ta fitar da injin haibirid da maganaɗisunsa ba ya buƙatar disfurosiyam. Amma motar da aka loda a jirgin ruwa zuwa Afirka ta fita daga wannan tsari, batirinta ba ya komawa ga wanda ya ƙera shi.

Abin da mai saye zai iya yi

Kafin ka biya kuɗi, a sa kwamfutar gwaji a duba lafiyar kowane ɓangare na batirin, kada ka dogara da rashin fitilar gargaɗi a allon mota. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, kuma a Prius akwai fankar da ke sanyaya shi tana jan iska daga wajen kujerar baya. Ƙurar hunturu tana toshe ta, don haka a riƙa share ta, kada kuma a rufe ƙofar iskar da kaya. Kada a bar motar a ajiye watanni ba a kunna ta ba. Idan batir ya fara rauni, sau da yawa wasu ɓangarori ne suka gaza, kuma ƙwararren makanikin haibirid zai iya gano su. Idan ya mutu gaba ɗaya, a ba masu gyaran batirin haibirid da ke karɓar tsoho, kada a jefar, kada a ƙona.

Sannan girman mota yana da tasiri. Ƙatuwar jif haibirid tana cin ƙarfe da alminiyam da mai fiye da ƙaramar mota, ko da an manna mata koren ganye a baya.

Haibirid tana biyan bashin hayaƙinta, kuma mai ita zai ga sauƙi a gidan mai. Sauran bashin, na ruwa da ƙasa da lafiyar mutane, yana raguwa ne kawai idan mota ta daɗe tana aiki, aka mayar da ma'adanan da ke cikinta masana'anta, aka kuma sa ido kan yadda ake haƙo sababbi. Tunda yanzu ana tono litiyam a Nasarawa, tsofaffin batira kuma suna mutuwa a garejinmu, farkon wannan sarƙa da ƙarshenta duk sun iso ƙofar gidanmu.